Lemo Mai Kumfa a Lokacin Bazara: Yadda Ake Haɗa Shi a Gida da Iyakar da Shari'a ta Gindaya

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, babu abin da mai gida da baƙonsa suke marmari kamar abin sha mai sanyi. A daidai wannan lokaci ne mangwaro yake cika kasuwa, ga kankana da abarba a kan kowane teburin mai kayan marmari. A 'yan shekarun nan kuma azumin Ramadan ya riƙa faɗowa cikin wannan yanayi, abin da ya ƙara wa iyaye mata himmar neman sababbin hanyoyin sarrafa lemo.

Daga cikin abin da ya shigo gidajenmu ta hanyar wayar hannu akwai haɗin da Turawa ke kira koktel: ruwan 'ya'yan itace iri biyu ko uku, da ƙanƙara, da wani abu mai kumfa a kai. A asalinsa da barasa ake yin sa. Wanda aka cire wa barasa shi ake kira moktel, kuma shi ne wanda ya shafe mu. Tambayar da ɗalibai da matan aure suke yawan yi ita ce: shin wannan kumfa da ke tashi a cikin kofi ba ta da alaƙa da giya? Amsa a taƙaice ita ce kumfa iri biyu ce. Akwai wadda aka ɗura wa ruwa daga waje, akwai kuma wadda take tasowa daga cikin abin sha idan ya tsimu. Ta farko ba ruwanta da maye. Ta biyu kuwa tare take tafiya da barasa.

Kumfa biyu, asali biyu

Iskar da ke cikin kowane lemon kwalba sunanta kabon dayoksaid, irin wadda ɗan Adam yake fitarwa idan ya yi numfashi. A shekarar 1767 wani masani Bature mai suna Joseph Priestley, a garin Lids na ƙasar Ingila, ya gano yadda ake sa ruwa ya haɗiye wannan iska. A 1783 kuma Jacob Schweppe ya fara sarrafa irin wannan ruwa don sayarwa a birnin Janiba. Shi ne abin da muke kira ruwan soda a yau: ruwa ne zalla da aka matsa wa iska da ƙarfin inji, aka toshe kwalbar. Da zarar an buɗe, sai iskar ta fara guduwa tana kumfa. Ko tulu guda mutum ya sha, iyakarta gyatsa.

Kumfa ta biyu aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, wato yis, dangin wanda ake sa wa fulawa ta kumbura. Suna nan a jikin ɓawon 'ya'yan itace da cikin iska. Idan suka sami ruwa mai zaƙi da ɗumi, sai su cinye sukarin su mayar da shi abu biyu: iskar kabon dayoksaid da barasa. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya tabbatar a ƙarni na 19 cewa halittu masu rai ne suke wannan aiki. Don haka duk lemon gida mai zaƙi da ya fara kumfa da kansa, alhali ba a zuba masa soda ba, to akwai alamar barasa ta fara samuwa a cikinsa, komai ƙanƙantarta. Zafi kuma yana gaggauta lamarin: abin da zai ɗauki kwanaki a lokacin hunturu yana iya farawa cikin yini guda a bazara.

Abin da Sunna ta koyar tun kafin a san yis

Musulunci bai hana jin daɗin abin sha ba. Tirmizi ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa abin sha mafi soyuwa ga Manzon Allah (SAW) shi ne mai zaƙi mai sanyi. A gidansa ana jiƙa masa dabino ko zabibi a cikin salka, abin da Larabawa ke kira nabizu. Abin lura shi ne ƙa'idar lokaci da aka bi. A cikin Sahihu Muslim, Nana A'isha ta bayyana cewa wanda aka jiƙa da safe da yamma yake shan sa, wanda aka jiƙa da yamma kuma ya sha da safe. A ruwayar Abdullahi ɗan Abbas (RA), a cikin littafin dai, yakan sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a ba wani ya shanye nan take ko a zubar. Malamai sun yi bayanin cewa ana bayarwa ne idan bai canza ba, a zubar idan ya canza.

Akwai kuma ruwayar Abu Huraira (RA) da Abu Dawud da Nasa'i suka kawo. Ya jiƙa nabizu a cikin duma, ya kai wa Annabi (SAW) don ya yi buɗa-baki da shi, sai aka tarar yana tafasa da kansa yana kumfa. Annabi bai sha ba, ya yi umarni a watsar da shi. Wannan ita ce kumfa ta biyu da muka bayyana, kuma Sunna ta ɗauke ta a matsayin alamar gargaɗi shekaru fiye da 1,200 kafin binciken Pasteur.

Haramcin giya ya sauka daki-daki, daga aya ta 219 a Suratul Baƙara, zuwa ta 43 a Suratun Nisa'i, har aka yanke hukunci na ƙarshe a aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida. Sayyidina Umar (RA) ya bayyana a kan mimbari cewa a lokacin da haramcin ya sauka ana yin giya da abubuwa biyar: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir, sannan ya fassara giya da duk abin da ya lulluɓe hankali. Saboda haka hukuncin bai rataya ga sunan abin sha ko abin da aka yi shi da shi ba. Ya rataya ne ga maye. Ƙa'idar da Malikiyya da mafi yawan malamai suka tafi a kai ita ce, duk abin shan da mai yawansa yake bugarwa, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba su bar wannan babi ba. A cikin Mukhtasar, Shaihu Khalil ya lissafa abubuwan sha na halal, ya ambaci matsattsen ruwan inabi da fuƙƙa'u da subiya, da sharaɗin a amince ba za su bugar ba. Fuƙƙa'u wani abin sha ne na hatsi, kuma masana lugga sun ce ya sami sunansa ne daga kumfar da ke taruwa a samansa. Ke nan malaman fiƙihu sun san abin sha mai kumfa tun ƙarnoni da suka wuce, kuma ba kumfar suka sa wa ido ba, maye suka sa wa ido.

Batun haɗa iri biyu

Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani zai tuna cewa an ambaci hani game da gauraya abin sha iri biyu, kamar dabino da zabibi, da kuma hani game da jiƙo a cikin duma da tulun da aka shafe da kwalta. Zai iya tambaya: to haɗa abarba da mangwaro fa? Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana dalilin hanin: gaurayawa tana gaggauta tsimuwa, har abin ya fara bugarwa mai shi bai ankara ba. A wurin mafi yawan malamai hanin na karhanci ne. Shaihu Ahmad Dardir, daga manyan Malikiyya na Masar, ya fayyace cewa karhancin yana nan ne idan jiƙon ya daɗe har maye zai iya shiga, kamar yini da kwana ko fiye. Idan lokacin ya yi kusa, halal ne. Idan kuwa maye ya riga ya shiga, ya zama haram. A bisa wannan bayani, 'ya'yan itacen da aka markaɗa yanzu aka sha yanzu ba su shiga hanin ba. Darasin da ya rage mana shi ne kada a haɗa a ajiye a cikin zafi.

Kayan haɗi da ƙa'idojinsa

Lemo mai kumfa yana tsayawa ne a kan abubuwa huɗu: ruwan 'ya'yan itace mai kauri, ɗan tsami, ɗan zaƙi, da ruwan soda mai sanyi sosai. Idan babu soda zalla, ana iya amfani da farin lemon kwalba, amma sai a janye sukari gaba ɗaya, domin nasa ya isa.

Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, kuma garinsa yana kashe kumfa. Don haka a fara dafa kofi 1 na sukari da kofi 1 na ruwa har ya narke, a sauke ya huce, a riƙa ɗiba da cokali. Mai son zuma sai ya dama ta da ɗan ruwan ɗumi.

Haɗi na farko, abarba da citta, na mutum 6: a fere abarba 1 madaidaiciya, a yanka, a markaɗa da ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa da rabin kofi na ruwa. A tace da rariya mai laushi, a matse lemon tsami 3 a ciki, a sa cokali 4 zuwa 6 na dafaffen sukari gwargwadon zaƙin abarbar. A sanyaya. Idan an tashi sha, a zuba ƙanƙara a kofi, a zuba ruwan abarbar zuwa kashi ɗaya cikin uku na kofin, a cike da soda. Lita 1 zuwa 1 da rabi ta soda za ta wadatar.

Haɗi na biyu, zoɓo mai kumfa: a wanke kofi 2 na busasshen zoɓo, a tafasa a lita 1 ta ruwa da kanumfari 6 da ɗan citta na tsawon minti 10 zuwa 15. Ana son ya fi na kullum kauri, tunda soda za ta tsinka shi. A tace, ya huce, a sa zaƙi da ruwan lemon zaƙi 2. A jera yankakken kokwamba da lemo a kofi, a zuba zoɓon zuwa sulusi, a cike da soda.

Haɗi na uku, kankana da na'a-na'a: a cire 'ya'yan rabin kankana, a markaɗa ba tare da ƙara ruwa ba, a tace. A murje ganyen na'a-na'a kamar 5 a gindin kowane kofi da 'yan ɗigon lemon tsami. Kankana ba ta da kauri, don haka rabi da rabi ake yi da soda, kuma sau da yawa ba ta buƙatar sukari.

Haɗi na huɗu, mangwaro da tsamiya: a jiƙa tsamiya cikin tafin hannu a ruwan ɗumi na rabin awa, a dama a tace. A markaɗa naman nunannen mangwaro 4 da ruwan tsamiyar. Cokali 4 na wannan a kofi sun isa, sauran soda. Tsamin tsamiya yana karya nauyin zaƙin mangwaro.

Akwai ƙa'idoji kaɗan da suka shafi dukkansu. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska, don haka a sanyaya komai kafin a haɗa. Soda ita ce ƙarshen shiga, a karkata kofi a zuba ta a hankali ta gefe, a juya sau ɗaya kawai. Kada a zuba soda a cikin blanda, kuma kada a haɗa da yawa a jug tun kafin baƙi su iso, domin kumfar za ta tsere. Wanda ba ya son ƙanƙara ta tsinka masa lemo, sai ya daskarar da wani ɓangare na ruwan 'ya'yan itacen ya yi ƙanƙarar da shi.

Tsabtar ƙanƙara abar kula ce ƙwarai, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifod. Idan an sayo ƙanƙara saboda rashin wutar lantarki, kuma ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, gara a jera kwalabe a kula a kewaye su da ita maimakon a jefa ta cikin abin sha.

Wurare uku da ake zamewa

Na farko, lemon da aka ajiye. Zoɓo, kunun aya, ruwan citta da ruwan abarba duk masu zaƙi ne, kuma ba a sa musu maganin hana lalacewa. A firji mai sanyin digiri 4 aikin yis yana raguwa ƙwarai, amma idan wuta ta ɗauke tsawon yini, firjin ya zama akwati kawai. Alamomin tsimuwa a bayyane suke: gorar roba ta kumbura ta yi tauri, ta yi huci idan an buɗe alhali ba a sa soda ba, kumfa ta riƙa tasowa daga ƙasa, zaƙi ya ragu, wari mai hawa kai ya bayyana. Idan an ga haka a zubar, kada a ce asara ce. Wannan ya shafi masu sana'ar ƙulla zoɓo da kunun aya fiye da kowa, domin amanar masu saye tana wuyansu. Wanda ya yi kwantai ya kumbura ba a gauraya shi da sabo.

Sai dai kada wannan ya buɗe ƙofar waswasi. Ba kowane tsami ne alamar giya ba. Tsamin nono da na kamu galibi aikin wasu ƙwayoyin halitta ne daban, masu samar da tsami, kuma babu wanda ya taɓa buguwa da kindirmo. Haka nan ɗan burbushin barasa da masana ke iya aunowa a cikin nunanniyar ayaba ko burodi ba ya mayar da su haram, domin komai yawan abin da aka ci ba ya bugarwa.

Na biyu, bidiyoyin intanet masu koyar da yadda ake samar da kumfa ba tare da soda ba. Za a ce a jiƙa citta ko ɓawon abarba da sukari na kwanaki, a ɗura a kwalba a toshe. Wannan tsimawa ce da gangan. Haka mutanen Meziko suke yin abin shansu na ɓawon abarba mai suna tefache, wanda aka san yana ɗauke da 'yar barasa. A ɗakin girki babu ma'aunin da zai nuna inda barasar ta tsaya, musamman a zafin ƙasarmu, ga kuma haɗarin fashewar kwalba. Ɓawon abarba da aka tafasa a cikin zoɓo aka tace a ranar ba shi da wannan matsala.

Na uku, kayan ƙamshi na kwalba. Lemon Chapman da ya shahara a wuraren biki a Najeriya ana ɗaukar sa a matsayin marar barasa, amma a yadda aka saba haɗa shi ana ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci, Angostura, wanda kashi 44.7 cikin 100 nasa barasa ce, sama da ta yawancin wuski. Malaman zamani sun tattauna hukuncin ɗigon da ya narke ya ɓace a cikin abu mai yawa, amma mai haɗawa a gida ba shi da wata larura da za ta kai shi ga sayen wannan kwalba. Ɓawon lemon zaƙi da aka ɗan tafasa da kanumfari yana ba da ɗacin da ake nema. Haka ruwan banila na asali: dokar Amurka ta shar'anta ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa. Akwai na gari da wanda aka yi ba da ita ba. Abin da ake buƙata shi ne karanta jikin kwalba kafin a saya. A sani kuma, a wasu ƙasashe doka ta yarda a kira abin sha marar barasa matuƙar barasarsa ba ta kai kashi 0.5 cikin 100 ba.

Zama da ladabin sha

Bayan abin da ke cikin kofi, akwai yadda ake zaman shan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan Hijira, ya kawo misali a cikin Ihya'u: idan mutane suka shirya majalisi irin na mashaya, da kofunansu da mai zagayawa yana zuba musu da irin gaisuwarsu, to zaman ya haramta ko da abin da ke cikin kofunan halal ne, saboda kamanceceniya da mutanen banza. Kyakkyawan kofi da yankan lemo a bakinsa ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne kwaikwayon al'adun mashaya, kamar karo da kofuna, ko laƙaba wa lemon sunayen giya har yara su taso da sha'awar sunan. A kira shi da sunansa: lemon abarba, zoɓo mai kumfa.

Ladubban da aka sani suna nan daram: a ambaci sunan Allah, a sha da dama, a sha da numfashi uku ba tare da hura iska a kofi ba, a fara miƙa wa na dama, mai rabawa ya sha a ƙarshe, a guji kofin zinare da na azurfa, a gode wa Allah bayan an gama. Mai azumi ya fara da dabino ko ruwa kamar yadda Sunna ta nuna, ya jinkirta mai kumfa, domin iska a cikin da babu komai tana cika shi ta hana cin abinci, ta kuma takura mutum a sallar tarawihi.

Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta kuma hana ɓarna. Wannan ya haɗa da sukari. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa, har da na zuma da na matsattsen ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, kusan ƙaramin cokali 12. Gwangwani ɗaya na lemon kola mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Fa'idar haɗawa a gida ita ce uwargida ce mai iko da cokali, tana iya ragewa saboda yara, ta ware wa mai ciwon sukari nasa da soda da lemon tsami da na'a-na'a kawai.

A dunƙule, a haɗa daidai abin da za a shanye, a sha a ranar, abin da ya rage a miƙa wa maƙwabci ko almajiri tun yana da kyau. Shayar da mai ƙishirwa na daga cikin sadakokin da Sunna ta kwaɗaitar a kai, kuma a watan Afrilu ba a rasa mai ƙishirwa a ƙofar gida.

Allah Ya shayar da mu daga tafkin Manzonsa (SAW), Ya tsare mana gidajenmu daga haram da shubuha. Allah ne Mafi sani.